Gurbi na Uku da Ba na Uku Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Rubuta Littafin Jagora,
Kamfanin da Ya Ƙera Sabarmu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya, irin wadda sabar nan, babbar kwamfutar da kuka sayar mana, ta yi kwana goma ba ta samu ba.

Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani ƙaramin asibiti. Ofishina tsohon sito ne a bayan ɗakin gwajin jini. Mu biyu ne a ciki, ni da sabar. Ita aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki, ni ina cin albarkacinta. A cikinta ake ajiye sakamakon gwajin kowane majinyaci. Wata Litinin na ƙara mata memori, wato ƙwaƙwalwar aikinta, sanda biyu a kan biyun da take da su, ina bin littafinka layi-layi. Tun daga ranar ta koyi ɗaukewa tana dawowa sau biyar a wuni. Ga 'yan koke-kokena, idan ba zan takura maka ba.

1. Shafi na arba'in da ɗaya ya ce a fara cika guraben memori masu launin shuɗi. Ranka ya daɗe, gurabe takwas ne a kan madabod ɗin, babban allon cikin injin, duk baƙaƙe ƙirin. Na haska tocila. Na kira Babbar Nas, wadda ke gano jijiya a hannun jariri, ta leƙa ta ce, "Baƙi ne, malam. Ko in haɗa ka da likitan ido?" Na koma ga hoton da ke littafin, na tarar baƙi da fari kuka buga shi. Shin shuɗin a zuciya ake ganinsa?

2. Duk sanda ta ɗauke, sabar takan rubuta cewa matsalar tana gurbi na uku. Na ƙirga daga hagu, na canja sanda ta uku. Ta ɗauke. Na ƙirga daga dama. Ta ɗauke. Sai a kwana na shida, da na kwance fanka, na ga lambobin guraben an rubuta su a ƙarƙashinta, inda ƙura kaɗai ke karantawa, kuma daga sifili kuke fara ƙirga. Ashe na huɗu shi ne na uku. Na canja sandar da ke cikinsa, ta sake ɗaukewa. Ban yi musu da iliminku ba. Na ma gwada lissafin a gida, ya nuna 'ya'yana biyu ne, ba uku ba. Maiɗakina ta ce in faɗa mata wanne na sallama.

3. Na kira layinku na taimako. Bayan kiɗa na minti arba'in, wata baiwar Allah mai ladabi ta tambaye ni ko na gwada kashe injin na sake kunnawa. Na ce da kanta take yin hakan sau biyar kullum. Ta ce madalla, an wuce matakin farko ke nan. Sannan ta turo mini littafinka.

4. Wannan ba na dariya ba ne, ko da yake ban ce na baya na dariya ne ba. Akwai wata baba mai ciwon sukari da ɗanta ke kawowa a babur. Gwajinta sai da yunwa ake yi. Safiya uku tana zuwa ba ta karya ba, ana ɗibar jininta, sakamakon yana ɓacewa kafin ya kai teburin likita. A ta ukun ta sa aka nuna mata ƙofata. Ta tsaya da auduga a gwiwar hannu, ta dubi sabar, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, ni ce marar lafiyar ko wannan akwatin? In shi ne, a ba shi katina ya bi layi, ni in je in sha koko." Da azahar Daraktan asibiti ya aiko mini da takardar tuhuma: ko sabar ta tsaya da ƙafarta kafin Juma'a, ko in miƙa makullan sito.

5. Ranar Alhamis da hantsi, ina durƙushe gaban injin, gwiwar hannuna ta ture littafinka ya faɗi ƙasa, kansa ya juyo wajena. Na kai hannu zan ɗauka, sai na ga hoton ya yi daidai da abin da ke gabana, gurbi da gurbi. A kife kuka buga shi, ranka ya daɗe. Sandunan nan huɗu lafiyarsu ƙalau, zama ne kawai suka yi a gidan da ba nasu ba. Na matsar da biyu. Minti goma aikin ya ci. Ran Juma'a baba ta karɓi sakamakonta, likita ya canja mata magani nan take, don sukarin ya hau sosai.

Ina farin cikin sanar da kai cewa Darakta ya janye tuhumar. A taron ma'aikata ya ce injin da ya yi kwana goma a hannuna kuma ya rayu, ba ƙaramin inganci gare shi ba. Ya sa a kawo mana irinsa guda huɗu, ni zan haɗa su.

Saboda haka roƙona ɗaya ne: don Allah kada ku gyara shafi na arba'in da ɗaya. Na riga na saba. Idan kuma dole sai kun gyara, ku sanar da ni tukuna, don in san ranar da zan daina juya littafin.

Naka mai biyayya, ta kowane gefe ka riƙe takardar nan,

Mai Kula da Kwamfutoci.