Kaska Ba Ta Cikin Fom

Jiya na raka maƙwabcina mai awaki ɗakin shan magani, karo na uku cikin kwana tara. Zazzaɓi ya ƙi sauka, kai kamar ana sara, gaɓoɓi sun mutu, ga jajayen ƙuraje har tafin hannu. Sau biyu ana ba shi maganin cizon sauro, yana sha, jiki na ƙara lalacewa.

Da yake na koyi rubutu, ko da yake da furfurata na koya, ni ke cike masa fom. Malamin da ke karɓar marasa lafiya ya tambayi abin da ya cije shi. Maƙwabcina ya ɗaga riga, ya nuna wani baƙin tabo a hammata, inda ya cire kaska mako biyu da suka wuce. Malam ya bi fom da biro, sama da ƙasa.

"Baba, babu kaska a nan. Sauro, maciji, kare. Zaɓi ɗaya."

Ya ƙara da cewa kaska harkar dabbobi ce. Muka ja jiki zuwa ofishin dabbobi. Can suka ce da akuyar ya kawo da sun duba, amma mai ƙafa biyu ba huruminsu ba ne. Maƙwabcina, yana rawar ɗari, ya tambaya ko in ya yi kukan akuya za a sassauta.

Ban ga laifin manyan da suka tsara fom ɗin ba, Allah ya ja zamaninsu. Wanda bai taɓa shiga garke ba, ina zai san kaska? Ai sai a hoto.

Da muka koma ɗakin shan magani, Allah ya haɗa mu da wata dattijuwar nas. Ta bar shi ya yi bayani har ƙarshe, ta duba tabon, ta ce cizon kaska na sa irin wannan zazzaɓi, kuma maganinsa daban, jinkiri kuwa haɗari ne. Ta kai shi gun likita, aka canza masa magani. Yau da safe na ji muryarsa ta katanga yana yi wa awaki faɗa.

Fom fa? Ta ce ba a karɓarsa da gurbi a buɗe, don haka ta sa sauro. Kun ga ƙarshen shekara Ranka-ya-daɗe shugaban ma'aikatar lafiya zai sanar cewa ba a samu cutar kaska ko ɗaya ba.

Kaska dai ta fi mu sanin aikin ofis: ta sha, ta ƙoshi, ta sulale, a kama sauro.