Yadda Za Ka Ɓoye Tumbi Ranar Awo

Kai mai riƙe da mabuɗin siton hatsin taimako a Filinge, matso kusa. An ce gwamnati, saboda lafiyar jama'a, za ta aiko likita daga Yamai ya auna kowa. Wanda ya rame a ƙara masa jar dawa, wanda ya yi ƙiba a shekarar fari ya faɗi inda ya samo ta. Duk ƙasar nan ta Kurfai kai kaɗai ne wandonka ya matse bana. Bi matakan nan, ni na tsaya maka, mabuɗi ba zai bar aljihunka ba.

1. Rufe kayan
Zuba babbar riga, ka naɗa rawani har haɓa. Masana sun tabbatar wuya mai hawa uku ya fi ciki tona asiri.

2. Koyi tafiyar mai yunwa
Fita bayan gari inda tsohuwa Muna ke haƙa gidan tururuwa don tsintar ƙwayar da suka tara. Dubi yadda take dafa gwiwa kafin ta miƙe, ka kwaikwaya. Kada ka ba ta komai, karatu ya kai ka. Kuma don Allah riƙe gyatsa.

3. Kawar da shaidu
Jakinka yana sheƙi, kai shi ƙauye. Gaya wa uwargida Haske ta jingine taɓarya. Turminku kaɗai ke ƙara a unguwa, kuma maƙwabta yunwa suke ji, ba kurumta ba.

4. Mai da shi ciwo
In likita ya ƙura wa tumbin ido, marairaice ka ce, "Kumburi na, likita, awa na yaran garin Abala." Amma kada ka tsaya kusa da yaran. Su ƙafafunsu kamar kara suke.

5. Ciyar da 'yan dako
Nan gwanaye ke faɗuwa. Ma'aunin garin nan na buhuna ne, mai ƙugiya, a reshen gawo ake rataye shi. Zama za ka yi cikin buhu, 'yan dakon sitonka su ja igiya ka tashi sama. To, ba su tuwo tun jajibere. Na san ba za ka bayar ba, ai ba ka saba ba.

Saboda haka za su ja, su sake ja, gindinka yana ƙasa, duk kasuwa tana kallo. Sannan babbansu Hamani zai saki igiya, ya share zufa ya ce, "Likita, yi muna haƙuri. Buhu mu ka ɗauka, ba mu taɓa ɗaukar sito ɗungum ba."

Gargaɗi
In aka karɓe mabuɗi, ko rawani ya warware, ko Muna ta yi guɗa, babu ruwan mai wannan shawara. Kada ka zo nemana gida. Ina gindin gawo, bayan Hamani, riƙe da igiya.