Jawabina a Ƙofar Gidan Dagaci

Ko na manta komai, ba zan manta da daminar farko da na yi ina koyarwa a wata elementare a ƙasar Kiru ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ni kuma sabon malami ne, kaina yana hayaƙi.

Ruwa na sauka aji ya watse. In shiga da alli a hannu, in tarar benci ya fi yara yawa, duk an kwashe su gona. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na matsa wa hedimasta lallai a tara iyaye. Ya ce to, amma ni zan yi jawabi (ashe mugun ya san abin da ya taka).

Aka taru a ƙofar gidan dagaci ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Dattawa sun cika tabarmi, har da Fulanin ruga. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na hau zuba. Na ce muna nan muna kashe kanmu a kan 'ya'yansu, su ko a jikinsu. Na ce duk uban da ya cire ɗansa daga aji saboda noma, fartanya ce a kansa ba ƙwaƙwalwa ba. Da zuciya ta ɗebe ni, na ce in akwai mai ƙarfin hali a cikinsu ya miƙe mu gan shi.

Can baya wani tsoho ya dafa sanda ya tashi. Baffa ne, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana. Daga Ba'awa ya tako. Autansa Sule yana aji ɗaya, ni ina koyar da aji uku, ban ma lura yaron ya daina zuwa ba.

"Ga ni, Malam," in ji shi. "Ƙafata ce ta kumbura, shi ya sa na riƙe Sule. Dawar da nake aiko maka kuwa, daga gonar take fitowa. In ka ƙoshi, gobe ya dawo aji."

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na durƙusa ina "Baffa, a gafarce ni," ga hedimasta ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa (har ya koma ga Allah ina jin haushin wannan dariyar).

Liman ne ya cece ni. Ya ce a bar zage-zage, a tambayi iyaye yaushe gona ta fi bukatar yara. Nan aka yanke: har a gama noman firi sai bayan azahar za a shiga aji, wanda rashin lafiya ya kayar kuwa a yi masa gayya, ɗansa ya zo makaranta. Kafin sati benci ya cika.

Ranar gayya a gonar Baffa, dagaci da kansa ya zaɓar mini kunya mafi tsawo, wai tunda na saba da ita. Tun daga nan, in zan yi jifa a kasuwa, sai na fara leƙawa ko tsohona na ciki.