Ranar Da Na Yi Wa Kwalaben Hauwa Kiwo

Bayan mun dawo Mubi daga gudun hijira, ɗakin binciken makarantar 'yata Hauwa bai buɗe ba, sai ta jera kwalabenta shida a ɗakin da nake ajiye dusa. Wai akwai ƙwayoyin halitta a ciki, masu rayuwa a ruwa mai tsananin tsami. Su ne aikin digirinta, tana binciken yadda suke gina jikinsu da iskar da muke fitarwa.

"Me suke ci?" na tambaye ta.

"Iska, Baba. Kada ka taɓa."

Ni da na shekara ashirin ina dillancin shanu, ban taɓa ganin abin da ya yi ƙiba da iska ba. Da ta tafi Yola, na leƙa na ga ruwan ya yi ja kamar tsatsa. Na ce yunwa ce. Na zuba musu sukari cokali bibbiyu, na ƙara kanwa don ta kashe tsamin, yadda nake yi wa sa mai rama.

Da ta dawo, ta daɗe tana kallon ruwan.

"Baba, jan nan shi ne lafiyarsu. Ka kashe min aikin wata huɗu."

Kwalba ɗaya ta tsira, don ta faɗa bayan buhu ban gan ta ba. Da wannan kwalbar Hauwa ta gama digirinta.

Har yau idan jikana ya yi zazzaɓi, uwargidana takan ce, "Ku ɓoye shi, kada Alhaji ya tausaya masa."