Kaka Atu da Gogen Turawa

"Lafiya lau, ya hanyar Malumfashi? Gaisuwa ka zo, ko yunwa ce ta koro ka?"

Kaka Atu ba ta ko ɗago kai daga gyaɗar da take ɓarewa ba. Tun jiya labari ya same ta a Gozaki: jikanta Habila, mai haɗa sauti a coci, wai ranar aurensa da kiɗan Turawa za a shigo da amarya. Ita kuwa shekara arba'in tana ba da waƙa a zumuntar mata, babu amaryar gidan nan da ta taka ƙofar coci ba da muryarta ba. Kishi ya hana baiwar Allah cin tuwo.

"Yunwa ai a gidanki ake kamuwa da ita, tsohuwa," in ji Habila. "Zuwa na yi in ga ko gadon gonata ya kusa."

"Sai na ga jikokinka, ɗan nema. Ina kiɗan da ka fifita a kaina?"

"Goge ne, Kaka, guda ashirin a tare. Kiɗan ya haura shekara ɗari uku."

"Au! Ni ce tsohuwa, amma matattu ka gayyato? Sun san sunan amaryar? Su ce Phoebe in ji."

"Ba su sani ba, amma ba sa canja gudu. Bugu tamanin a minti, daga farko har ƙarshe. Ku kuwa sai ku fara kamar masu zuwa ta'aziyya, ku ƙare kamar kare ya biyo ku."

"Mu Ruhu ke ɗaga mu, marar kunya. Naka agogo suke bi."

"Matsalarsu ɗaya. Tsirkiyarsu a ɗaure take ƙasa kaɗan da sautin kibod ɗin da muke kaɗawa a coci, duk waƙar da na ɗora a kai sai su yi ta faɗa. Wata biyu ina neman muryar da za ta zauna, sai makon jiya na dace."

Kaka Atu ta ɗago kai. Ashe har wata ya samo!

Habila ya danna wayarsa. Goge suka taso a hankali, sai ga muryar mace ta hau kansu ta zauna daram. Daɗin muryar ya fi komai ƙona wa tsohuwar rai.

"Wannan? Ta hanci take waƙa! Kuma waƙata ta sata, ɓarauniya. 'Yar ina ce? Daga ji ba ta taɓa buga tulun kiɗa a zumunta ba."

"'Yar Gozaki ce."

"Ƙarya kake. Duk mai baki a garin nan ni na koya mata."

"A akwatin Baba na tsinci kaset ɗin, na ranar aurensu da Mama. Tsufa ya sa zaren ya saki, muryar ta ɗan sauko, ta faɗa daidai kan gogen. Ke ce, Kaka. Ke za ki shigo mini da amarya."

Hannunta ya tsaya cak a cikin gyaɗa. Ba ta taɓa jin kanta ba sai yau, kuma ba ta san sanda idonta ya ciko ba.

"Mayar da shi farko."

"Mai waƙa ta hancin?"

"Rufe mini baki. Tun ɗazu na ji yarinyar ta iya."

Dariya ta ƙwace mata, tana share ido da bakin zane.

"Tashi ka kama jan zakaran can, ka kai wa Turawanka. Sun yi ƙoƙari, sun bi ni daidai."