Kwamfutata Ta Rasu a Hannun Musaddiƙ

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, ni Amna Zarami mai shagon gem a bakin tashar Roni, nake sanar da rasuwar kwamfutata, wadda Musaddiƙ mai gyaran waya, ɗan Malam Na'Allah, ya kashe da hannunsa ranar Laraba, jama'a na kallo.

Marigayiya mai haƙuri ce. Wutar janareta ta sha, ta sola ta sha, ba ta taɓa yin tsirfa ba. Da safe in na danna ta sai ta ce "tiit", fankarta ta kama "wuu", 'yan acaɓa su cika benci suna buga gem ɗin ƙwallo a talabijin. Da ita nake ci tun rasuwar maigidana.

Aibinta ɗaya, ba na ɓoyewa: layin fili da ƙarfen raga suna fitowa da tsini-tsini kamar haƙoran zarto. To wa haƙoran suka taɓa ciza? Sai Musaddiƙ ya je Kazaure ya ga PS, na'urar gem ta zamani, ya dawo wai ta can layinta sumul, wai tawa ma akwai hanyoyi uku na gyara a cikinta. Ya zauna ya gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ta share tsinin, amma hoton ya dushe kamar an shafa wa gilashin man shanu. Ta biyu, ɗan wasa na gudu, inuwarsa na binsa a baya kamar aljani. Ta uku kam ta yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, amma shi da bakinsa ya ce aiki ninki huɗu take ɗora wa inji. Tsohuwa fa, a tsakiyar bazara. Jikinta ya ɗau zafi, fanka ta koma kuka. Maimakon ya mayar da ita yadda ya same ta, sai ya jiƙa buhu ya lulluɓe ta, wai haka ake yi wa randa. Ta ce "tas", ta yi hayaƙi, ta cika.

Ta bar talabijin guda, da hannun gem biyu, da bencin da ba mai zama, da ni.

Gawa tana ƙofar shagon Musaddiƙ, cikin buhun da ya yi mata likkafani da shi. A can nake karɓar gaisuwa, safe da yamma. 'Yan gwangwan su daina zagaye, ba za a ɗaga ta ba tukuna.

Malam Na'Allah, da girmanka da komai, ranar jana'iza tana hannunka. Ka fito da ɗanka gaban Mai Unguwa, ya ajiye min wata mai numfashi, da haƙoranta na zarto cif, sannan a binne wannan.