Ranar da Tashar Nazifi Za Ta Kawo Wuta

A rumfar mai tsofaffin littattafai na fara ganin Injiniya Nazifi. Ruwa ne ya koro shi, ya raɓe kusa da ni, hular kwano a hammata. Ban tambaye shi komai ba, amma kafin ruwa ya tsagaita na san cewa a bayan gari suna gina tashar gwaji, wato 'yar ƙaramar tashar lantarki da ake fara jarraba fasaha a cikinta kafin a gina babba. Tasu ba da tururi za ta yi aiki ba. Iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi za su matse, su gasa ta, har ta zama ita ba ruwa ba ita ba iska ba, sai ta juya inji. Yana bayani idonsa na ƙyalli. Ni kuwa idon nake kallo.

Don shi na bi na karance duk abin da waya ta nuna mini a kan wannan iska. Wasu 'yan matan ana kawo musu turare, ni zanen bututu ake kawo mini wurin zance. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Ƙarshe Abba ya ce ko dai ya turo magabatansa kafin azumi, ko ya bar mana tabarmarmu ta huta.

Da na faɗa wa Nazifi, sai ya ɗauke ni da Anti Larai, ƙanwar Abba, wai mu je mu ga tashar da idonmu. Muka tarar da bututu kan bututu, fitilu tar, ga ƙara kamar gidan niƙa.

Anti ta ce, "Masha Allah, ashe har ta tashi."

Ya sosa ƙeya. "A'a Anti, wannan janareta ne. Da shi muke kunna na'urorin da ke binciken abin da ya hana ta tashi."

"To madalla. Ita maganar Yaya fa?"

Ya juyo gare ni, ya gyara tsayuwa kamar mai jawabi gaban baƙi. "Rumasa'u, mu a aikinmu ba a tsallake mataki. In wannan ta tashi, sai mu gina matsakaiciya. In ita ma ta yi, sai babba. Ni kuwa na ƙudurta ba zan kai amarya gida ba sai da wutar da na samar da hannuna."

Wallahi maganar ta taɓa ni, har sai da na sunkuyar da kai. A daidai nan janareta ya yi tari ya mutu, aka shiga kiran mai gadi ya kawo jarkar mai.

Bai ko waiwaya ba. Ya sassauta murya ya ce, "Tun da muke, ba ki taɓa buɗe baki kin yi mini alkawari ba. Yau ki yi mini guda, a gaban Anti, cewa ranar da babbar ta kawo wuta kina tare da ni."

Na ɗago na ce, "Na yi maka alkawari, Injiniya. Ranar nan ba abin da zai hana ni zuwa, ko da jikoki ne za su riƙo ni, in dai maigidana ya bar ni."